Taimakon Karatu A Amurka: Aljihun Gida Ake Aunawa

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin makaranta, wanda ya daɗe yana ba ɗalibai shawara a kan neman shiga jami'a, ya gabatar a gaban iyayen yara da 'yan makaranta a wani taro da aka yi a unguwar Agege ta Ikko. An buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bayan ya gai da shugaban taro da dattawan unguwa da iyaye maza da mata, malamin ya ce abin da ya sa ya zaɓi wannan magana shi ne, a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya fiye da 20,000 ne suka yi karatu a Amurka, ba kuwa wata ƙasar Afirka da ta kai wannan adadi. Saboda haka da wuya a sami unguwar da ba a taɓa jin labarin wani yaro da aka ce ya sami sukolashif ya tafi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake yanke shawarar wanda za a ba, da kuma nawa za a ba shi. Rashin sanin wannan, in ji shi, shi ya sa wasu iyaye ke sayar da fili ko gona su miƙa wa dillali kuɗi a kan abin da ba ya hannun dillali.

Ya ce da farko dai ya kamata a rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai kyautar ƙwazo, wadda jami'a ke bai wa ɗalibi saboda ya yi fice a jarrabawa ko a wasanni, ko da mahaifinsa attajiri ne. Akwai kuma taimakon bukata, wanda ake bayarwa saboda ƙarfin gida bai kai ba. Kusan duk abin da Gwamnatin Tarayyar Amurka ke bai wa ɗalibai kyauta a kan bukata yake, kuma a kansa jawabin zai tsaya. Ƙwazon yaro shi ke buɗe masa ƙofar makaranta, amma in an zo batun kuɗi, aljihun gidansu ake ɗorawa a sikeli.

Asalin Tsarin

Malamin ya ce wannan tsari ba rana ɗaya aka gina shi ba. A 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba tukuna, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta biya wa sojojin da suka dawo daga fagen fama kuɗin karatu. A 1954 wata ƙungiyar makarantu mai suna College Board ta kafa sashe na musamman wanda ya tsara fom guda da iyaye za su cika su bayyana samunsu, domin jami'o'i su daina raba taimako da ka. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa a Jihar Texas, ya sa hannu a Dokar Ilmi Mai Zurfi, wadda har yau ita ce ginshiƙin al'amarin. A 1972 aka ƙirƙiro tallafin da ba a biya, wanda a 1980 aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell na Jihar Rhode Island. Sa'an nan a 1992 aka haɗa neman taimakon Gwamnatin Tarayya a fom ɗaya da ake kira FAFSA. Kalmar farko ta sunan wannan fom, in ji malamin, ma'anarta kyauta, watau ba a biyan ko kwabo don a cika shi.

Lissafin Ɗebewa

Ya ci gaba da cewa duk wanda ya iya ɗebewa a aji uku na firamare ya iya gane zuciyar tsarin. Kowace makaranta takan fitar da jimlar abin da shekara guda za ta ci wa ɗalibi, watau kuɗin koyarwa, da ɗakin kwana, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota, da ƙananan bukatu. Ita kuwa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya takan duba fom ɗin da aka cika ta fitar da lamba guda wadda ke nuna ƙarfin gidan. Da ana kiranta gudummawar da ake sa ran iyali za su bayar, amma daga shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 aka sake mata suna, ana kiranta SAI a taƙaice. In aka ɗebe wannan lamba daga kuɗin shekara, abin da ya saura shi ne bukatar ɗalibi.

Ya ba da misali. A ce makaranta na cin dala 30,000 a shekara, lambar gidan su yaro kuwa 4,000 ce. To, bukatarsa dala 26,000 ke nan. In yaron nan ya nemi wata makaranta mai cin dala 80,000, lambar gidansu ba ta canzawa, sai dai bukatarsa ta haura zuwa dala 76,000. Wannan ne ya sa wani lokaci ɗan talaka kan biya kuɗi kaɗan a makaranta mai tsada mai yawan dukiya, fiye da yadda zai samu sauƙi a makaranta mai araha wadda ba ta da abin bayarwa. Ƙanƙantar lamba ita ce yawan bukata. Tana iya sauka zuwa sifiri, kuma a sabon tsari tana iya gangarawa ƙasa da sifiri har da 1,500, domin a bambanta talaka da wanda ya fi shi talauci.

Abin Da Ake Ɗorawa A Sikeli

A nan malamin ya dakata ya yi dogon bayani, domin a cewarsa nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Abu na farko shi ne samun iyaye na shekara. Ba samun bana ake dubawa ba, na shekara biyu da suka wuce ake ɗauka, domin shi ne wanda aka riga aka biya wa haraji aka rufe lissafinsa. Mai neman taimakon shekarar 2025 zuwa 2026, samun 2023 aka duba masa. Ba a kuma dogara da faɗar baki: iyaye kan ba da izini a ɗauko lissafin kai tsaye daga hukumar haraji, kuma wanda ya ƙi ba da izinin ya rufe wa ɗansa ƙofa. Daga samun nan akan fitar da haraji, a fitar da abin da aka ƙiyasta gida zai ci gwargwadon yawan mutanen da ke cikinsa. Abin da ya saura ne ake ɗaukar kashi 22 zuwa kashi 47 cikin 100, ana ƙara kason yayin da samu ke ƙaruwa.

Abu na biyu shi ne dukiyar da aka ajiye, kamar kuɗin banki, da hannun jari, da gidajen haya. Gidan da iyali ke zaune ciki ba ya shiga lissafin Gwamnatin Tarayya, haka nan kuɗin da aka tara don fansho. Dalili kuwa shi ne ba a so a ce wa tsoho ya sayar da rufin kansa ko guzurin tsufansa domin ɗansa ya yi karatu.

Abu na uku shi ne abin da ɗalibin kansa ya mallaka, kuma a nan sikelin ya fi nauyi. Dukiyar iyaye ba a ɗaukar fiye da kashi 5.64 cikin 100 daga gare ta, amma ta ɗalibi kashi 20 ake ɗauka. Dala 10,000 in tana cikin asusun uba, ba za ta ƙara wa lambar gidan fiye da 564 ba, amma in tana cikin asusun yaro 2,000 za ta ƙara. Haka kuma abin da ɗalibi ya samu ta hanyar aiki, in ya wuce wani adadi da aka yafe masa, rabin abin da ya haura ake lissafawa. Hujjarsu ita ce uba yana da wasu bakunan da zai ciyar, shi kuwa yaro ba shi da hidimar da ta wuce karatunsa.

Malamin ya ce kada a zaci ma'aunin ya sauko daga sama ne. 'Yan majalisa ke gyara shi, kuma kowane gyara yakan yi wa wani daɗi ya ƙuntata wa wani. Dokar sauƙaƙa fom da aka zartar a watan Disamba na 2020 ta rage tambayoyin da a da suka haura 100, ta kuma sa iyalin da samunsu bai wuce kashi 175 cikin 100 na ma'aunin talauci ba su sami cikakken tallafin Pell ba tare da dogon lissafi ba. In uwa ce kaɗai ko uba kaɗai ke riƙe da gida, iyakar ta kai kashi 225. Amma dokar nan ta soke rangwamen da a da ake yi wa gidan da ke da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda. Ta kuma shigar da gonar iyali da ƙaramar sana'a cikin lissafi, abin da ya sa manoma suka yi kuka, suna cewa ƙasar noma tana da daraja a takarda amma ba a yankar ta a biya kuɗin makaranta. Wata doka ta watan Yuli na 2025 ta sake fitar da su daga lissafin, daga shekarar karatu ta 2026 zuwa 2027.

Ɗan Wa Ne?

Wata tambaya da fom ɗin ke warwarewa, in ji shi, ita ce aljihun wa za a auna. A idon doka, ɗalibin digiri na farko da bai kai shekara 24 ba yana ƙarƙashin iyayensa, ko da ba ya kwana a gidansu. Galibi ba a ɗauke shi mai zaman kansa sai in ya yi aure, ko yana da 'ya'yan da yake ciyarwa, ko ya yi aikin soja, ko maraya ne, ko kuwa kotu ce ta riƙe shi. Uba ya ce ba zai biya ba, wannan kaɗai ba ya mai da yaro mai zaman kansa, domin da haka ne da kowane uba ya ce ya yafe. In aure ya mutu, wanda ya fi ɗaukar nauyin yaron tsakanin uwa da uba a cikin watanni 12 da suka wuce shi zai cika fom. In kuwa ya sake aure, samun sabon abokin zaman ma sai ya shiga lissafi.

Abin Da Ake Bayarwa

Bayan an san bukata, makaranta takan aiko da takarda mai nuna abin da aka haɗa wa ɗalibi, kuma kashi uku ne. Akwai tallafin da ba a biya. Mafi girman tallafin Pell a shekarar 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, kuma galibi ɗebe lambar gida ake yi daga wannan adadi, watau yaron misalin nan mai lamba 4,000 zai sami dala 3,395. Akwai aikin wucin gadi a cikin makaranta, kamar a laburare ko ɗakin cin abinci, inda ɗalibi ke samun lada gwargwadon awoyin da ya yi. Sai kuma rance. Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa ba ya samun fiye da dala 5,500 daga Gwamnatin Tarayya, a ciki kuwa dala 3,500 ne kawai gwamnati ke ɗauke masa kuɗin ruwansu muddin yana makaranta, shi ma sai in an tabbatar da bukatarsa.

Malamin ya gargaɗi iyaye da su karanta wannan takarda da idon basira, domin akan jera rance da kyauta a shafi guda a kira su duka taimako. Rance bashi ne, kuma akwai ruwa a kansa, wannan kuwa abin lura ne ga duk mai gudun riba. Har wa yau, an auna bukata ba ya nufin an biya ta. Yawancin makarantu ba su da ƙarfin cike bukatar ɗalibi gaba ɗaya, sukan bar giɓi, kuma iyali ne za su san yadda za su toshe shi.

Taimakon kuma ba gado ba ne. Kowace shekara sai an sake cika fom. Dole ɗalibi ya riƙa cin jarrabawa gwargwadon matsayin da makaranta ta ajiye, kuma kada karatun shekara huɗu ya ɗauke shi fiye da kimanin shida. Tallafin Pell ma ba ya wuce zangon karatu 12 a rayuwar mutum. In hali ya canza, kamar uba ya rasu ko ya rasa aiki bayan shekarar da aka duba, doka ta ba jami'in taimako na makaranta ikon sake lissafi in an kawo masa shaida. Akan kuma zaɓi wasu fom-fom a bi diddiginsu. Wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan ana iya cin sa tarar da ta kai dala 20,000, ko a ɗaure shi, ko a haɗa masa duka biyu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Matsayin Baƙo

Daga nan malamin ya juyo kan abin da ya ce shi ya fi shafar waɗanda ke zaune a wurin. Duk wannan kuɗi na Gwamnatin Tarayya na 'yan ƙasar Amurka ne, da masu takardar zama na dindindin, da wasu kaɗan kamar waɗanda aka ba mafaka. Yaron da ya tashi daga Nijeriya da bizar ɗalibi ba shi da rabo a ciki, ko tallafin Pell, ko rancen gwamnati. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin wani uba da sunan zai cika wa ɗansa FAFSA ya samo masa kuɗin Gwamnatin Amurka, to, ya cuce shi sau biyu: ya sayar masa da abin da kyauta ne, kuma abin ba na ɗansa ba ne.

Abin da baƙo zai sa rai a kai shi ne dukiyar makarantar kanta. Manyan jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna amfani da wani fom dabam na College Board mai suna CSS Profile, wanda ake biyan kuɗi a cika, wanda kuma ya fi na gwamnati tono. Yakan tambayi darajar gidan zama, da sana'a, da samun uban da ba ya tare da yaron. Wasu 'yan tsiraru, kamar Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duban aljihu wajen ɗaukar ɗalibi ko daga ina ya fito, kuma in sun ɗauke shi sukan biya masa bukatarsa duka. A watan Maris na 2025 Harvard ta ba da sanarwa cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya kome ba. Sai dai shiga waɗannan makarantu ya yi kama da shiga kafar allura. A sauran kuwa, yawan abin da baƙo ya nema yana iya rage masa damar a ɗauke shi. Bayan wannan duka, makaranta ba ta ba da takardar neman biza sai ta ga shaidar kuɗin shekarar farko, kuma samun taimako ƙofa ce dabam, samun biza ƙofa ce dabam.

Ya ce wahalar da ya fi gani a wurin 'ya'yan 'yan kasuwa ita ce rashin takarda. Mai sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, ko mai fataucin shanu, yana iya juya kuɗi mai yawa a wata guda ya yi asara a wata na biye, duk a hannu, ba rasit ba littafi. Makaranta kuwa takan nemi bayanin asusun banki, da takardar haraji, da wasiƙar albashi. Wanda ba shi da su ba zai iya tabbatar da wadatarsa ba, ba zai kuma iya tabbatar da rashinsa ba. Don haka ya shawarci duk mai niyya ya fara ajiye lissafi tun yaro na aji huɗu na sakandare, ya kuma riƙa rubuta wa ofishin taimakon ɗalibai na makarantar kai tsaye, domin zuwa da kai ya fi aike.

Darasi Ga Gida

A ƙarshe malamin ya waiwayo Nijeriya, inda ya ce an gwada wannan ma'auni an ga inda ya cije. A Jihohi, hukumomin sukolashif sun fi dogara da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da takardar shiga makaranta, ba kasafai ake auna samun gida ba. A 1972 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, amma ta durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai, wadda ta ce sai wanda samun gidansu bai kai Naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, kamar babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. A lokacin mafi ƙanƙantar albashi Naira 30,000 ne a wata. Masinja da matarsa mai shara a ofis, in aka haɗa albashinsu na shekara Naira 720,000 ne, watau doka ta ɗauke su masu hali. Ɗan manomin ƙauye kuwa ina zai sami lauyan da zai tsaya masa?

A watan Afrilu na 2024 aka soke dokar aka kafa sabuwa, aka cire iyakar samu, aka cire masu tsayawa. Asusun NELFUND ya fara karɓar takardu a watan Mayu na wannan shekarar daga ɗaliban makarantun gwamnati. Abin da aka nema shi ne lambar JAMB, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar banki. Rancen ba shi da ruwa, kuma an tsara a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

A ganin malamin, wannan gyara ya buɗe ƙofa ga kowa, kuma abin yabo ne, amma ya nuna cewa ƙasar ta ajiye sikelin ne domin ba ta da duwatsun awo. Amurka na iya auna aljihun gida saboda akwai littafin haraji da za a buɗe a gani. Inda babu littafi, ko dai a bai wa kowa daidai, ɗan attajiri da ɗan almajiri, ko kuwa a bar abin a hannun wanda ya san wani. Muddin kuɗi bai isa kowa ba, wata rana dole a koma ga tambayar wa ya fi bukata, kuma amsarta ba ta samuwa sai da lissafi na gaskiya daga gwamnati da kuma daga iyaye.

Ya rufe jawabinsa da roƙon iyaye abu uku: kada su biya kowa kuɗi a kan alkawarin sukolashif, kada su rubuta a fom abin da ba za su iya kawo shaidarsa ba, kuma kada su sa hannu a wata takarda sai sun rarrabe kyauta da bashi. Daga nan shugaban taro ya yi masa godiya, aka shiga tambayoyi.